Daren Da Kwalaben Kawu Suka Yi Ja

Da aka raba gadon Kawu, Allah ya jiƙansa, magada suka ɗauki gida da gona, aka bar wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado babu mai so. Sai matarsa ta ce a ba ni, tunda ni ne ɗan boko. Amfilifaya ce irin ta da, mai kwalabe a ciki, wadda Kawu ya daɗe yana bayar da hayarta da lasifika a gidajen biki da wuraren wa'azi. Na kawo ta gida, uwargida ta lulluɓe ta da ƙyalle ta jera kwanuka a kai, aka zauna lafiya.

Zaman lafiyar ya ƙare ranar da ƙanen abokina, mai sayar da waya a kasuwa, ya ɗaga ƙyallen. "Yaya, ka san abin da ka ajiye kuwa?" Ya ce tun da taransista ta fito a 1947 ta bi ta kori kwalba daga rediyo da talabijin, amma masu kaɗa jita a Ingila da Amurka har gobe ba su saki ba, shi ya sa ake ci gaba da ƙera kwalaben a Rasha da Sin da Sulobakiya. Ya leƙa ya karanto EL34 a jikin manyan kwalabe biyu, ya ce irinsu ne a cikin amfilifayar Marshall. Sannan ya rage murya: "In ajin A ce, ka yi kuɗi. In AB ce, to, ba laifi dai."

Wannan "ba laifi dai" ita ta hana ni barci. Na jira gida ya yi shiru na hau bincike a waya. Abin da na tsinta shi ne, ajin A ya fi shan wuta ko da amfilifaya ba ta cewa komai, kuma wannan wutar zaman banza ita ake daidaitawa da abin da ake kira bayas. Na juya akwatin, sai ga wani ɗan sukuru a baya wanda aikinsa ke nan. To, in yawan wuta ne ajin A, ga kuma sukurun ƙara wuta a gabana, me ake jira?

Na zare filogi daga bango, don ni mutum ne mai taka-tsantsan. Na kwance murfin ƙasa, na ga gidan zanzaro a gindin wani gwangwani, na kai yatsa in ɓamɓare. Ban san lokacin da na bar kujera ba. Na dai ji ana ta salati da ƙarfi, daga baya na gane muryata ce. Uwargida ta fito a guje. "Malam, lafiya? Kunama ce?" Na ce kunama ce. Baiwar Allah ta ɗauko tocila ta bi kowane lungu, ta yayyafa kananzir har cikin takalmana. Gwangwanin nan kafasita ce, kuma tana iya riƙe bolt sama da 400 bayan an zare filogi. Mutane suna mutuwa ta nan, wannan ba wasa a ciki.

Mai hankali da nan ya tsaya. Washegari da dare na ɗaure yatsa, na jona lasifika, na saka waƙa, na fara murɗa sukuru. Sauti ya yi kauri. Na ƙara, ya ƙara daɗi. Can sai na ga farantin ƙarfe mai launin toka da ke cikin kwalaben ya soma yin ja, tun daga tsakiya yana bazuwa. Na ce alhamdu lillahi, ashe haka ajin A yake! Na ɗauki hoto na tura wa yaron. Amsarsa ta iso: "Yaya kashe! Kashe!" Ina cikin karantawa ƙauri ya cika ɗaki, wani abu ya ce ɗas, waƙa ta ɗauke. Daga ɗaka na ji an ce, "Kunamar ce ta dawo?"

A bayan kasuwa akwai wani tsoho mai gyaran rediyo wanda ya koyi sana'a tun kwalba na tashe. Bai taɓa akwatin ba, hancinsa kawai ya kai.

"Wa ya taɓa sukurun nan?"

"Yara ne, Baba."

Ya dubi yatsana, ya dubi fuskata. "Yaron har da gemunsa."

Ya ce in zauna. "Ka taɓa ganin lugude? Mata biyu, turmi ɗaya. Kwalaben nan haka suke aiki, wannan ta tura, waccan ta ja. A ajin B, kowace tana yin rabin aiki ta tsaya cak, sai a samu ɗan giɓi wajen karɓa-karɓa, kunne ya ji sauti na karcewa. A ajin A babu mai ajiye taɓarya ko da turmi ba hatsi, daka ya yi laushi amma gumi ya yi yawa. AB tsakiya ce: in aiki kaɗan ne duk suna ciki, in ya yi nauyi kowace ta ɗan huta a lokacin 'yar'uwarta." Ya ce aji ba a sukuru kaɗai yake ba, tun wajen ƙira ake yanke shi, da ƙarfin bolt da irin taransifomar da aka saka. EL34 biyu a AB suna ba da wat 50, a ajin A ko rabin haka da ƙyar. Har amfilifayar Vox AC30 da ake yi wa kirari da ajin A, in aka ƙure ta AB take komawa.

Fiyus ya ƙone, kwalba ɗaya ta mutu, kuma ba a sauya ɗaya a bar ɗaya, sai biyu masu jan wuta daidai da juna. Baba ya zaro su daga wani tsohon gwangwanin madara, ya faɗi kuɗin, ni ma na kusa yin ja.

Aikin nasa abin kallo ne. Ya fara zuƙe wutar kafasita da resista, ya auna ya tabbatar ta sauka. Ya jona lasifika, don amfilifayar kwalba in aka kunna ta ba lasifika taransifomarta ce ke tafiya. Ya saka resista mai om 1 a ƙafa ta 8 ta kowace kwalba, ta yadda duk milibolt ɗaya a mita yana nufin mili'amfiya ɗaya. Ya mai da sukuru can ƙarshen da wuta ta fi ƙanƙanta, ya kunna, ya bar ta ta yi zafi. Hannun hagu a aljihu, ya auna ƙafa ta 3 da dama: bolt 450.

Sai ya miƙo mini biro. "Ɗan boko, yi lissafi." EL34 iyakar zafin da farantinta ke ɗauka wat 25 ne. A ajin AB, masu gyara sukan tsaya a kashi 70 cikin 100 na wannan, wato wat 17.5. A raba da 450, ya ba da mili'amfiya 39 ko kusa da haka. Iyakar iyaka ma 55 ce da ɗoriya. "Kai kuwa," in ji Baba, "ka wuce nan ko sallama ba ka yi ba."

Bai murɗa nan take ba. Ya auna wutar bango ya ga ta gaza 230 da nisa, ya ce in aka saita yanzu, da dare wuta ta ƙara ƙarfi lissafi ya rushe. Muka zauna jira. Aka ɗauke wutar gaba ɗaya. Muka ci gyaɗa, ya ba ni tarihin duk rediyon da ya taɓa fin ƙarfinsa. Da aka dawo da ita ya bi ta sitabilaiza, ya murɗa sukuru a hankali har mita ta tsaya a 39, ɗaya kwalbar 38.

Hukuncin aji kuwa minti ɗaya bai ɗauka ba. Ya ƙara murya yana kallon mita. A ajin A da lambar ta tsaya kusan inda take, ko shiru ko ihu. Wannan tsalle ta yi sama. "AB ce tun ranar da aka haife ta," in ji shi. Ya ɗiga jan fenti a kan sukurun, ya ce in na ga dama in gaya wa yaran.

Mai sayen da nake fata daga Turai har yau bai ɓullo ba, kuma ƙanen abokina ya ce kuɗin jirgin akwatin ma ya fi kuɗinta.

Mai karatu, in kana da irinta a gida, ɗan hasken ruwan lemo da ke can tsakiyar kwalba lafiya ne, hita ce. In farantin tokar ne ya yi ja, ka kashe kafin ka ɗauki hoto.