Ɗalibin da Kwamfuta Ta Fi Yabo

Manhajar Moodle, wadda Martin Dougiamas ya fitar a 2002, ba ta gajiya da sa ido. Tana rubuta lokacin da ɗalibi ya shiga, shafin da ya buɗe da darasin da ya kammala. Sai dai idonta bai kai kicin ba. Ɗalibi ya kunna bidiyo, ya je ya ɗora shinkafa, ya dawo ya latsa "na gama", rajista ta ce ga haziƙin shekara.

Wani bincike a mujallar Science a 2019, kan darussan intanet na Harvard da MIT, ya gano kusan kashi 3 cikin 100 na ɗaliban ne kacal suka kai ƙarshe. Sauran, sunayensu suna nan daram a rajista, shinkafarsu kuwa tuni ta nuna.