Alhaji, Marka da Birin Yankari

Duk wanda ya san Yankari ya san lokacin ganin namun daji rani ne, daga Fabrairu zuwa Afrilu. Ciyawa ta bushe, kududdufai sun ƙafe, giwa da ɓauna da gwanki ba su da mashaya sai kogin Gaji, mai kallo ya zauna a mota su zo da ƙafarsu. Wani Alhaji ɗan kasuwar atamfa daga Kano kuwa sai ya zaɓi Agusta, tsakiyar marka, wai lokacin ne yara ke hutu kuma babu cunkoso. Ta wajen cunkoso dai bai yi ƙarya ba.

A Bauchi suka kwana. Da sassafe Hajiya ta sa aka cika mata babbar kula da masa, aka ƙulla yaji daban, suka ɗauki hanyar Gombe. Kafin su karya a Dindima hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin.

"Alhaji, wannan fa ba na wasa ba ne," in ji direba.

"Kai dai ja mota. Na mutanen Gombe ne."

Na mutanen Gomben ya riske su tun ba su kai ƙofar Mainamaji ba. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai tafiyar kusan kilomita 40 a cikin daji, nan ne kuma waifa ɗaya ta gaji ta tsaya. Ƙanin Hajiya, wanda dama cigiyar iska ta sa ya biyo su, aka ba shi tsumma, ya riƙa zuro hannu ta taga yana goge gilashi.

Babban yaron Alhaji ya ga kowa ya yi tsit, sai ya shiga karanto musu tarihin wurin daga waya: an keɓe dajin a 1956, an buɗe shi ga jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1991, jihar Bauchi ta karɓi abinta a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, giwayen cikinsa kuma, garke mafi girma da ya rage a Najeriya, an ƙiyasta tsakanin 100 da 150. Alhaji mutumin lissafi ne. Ya yi shiru yana motsa leɓe, can ya ce, "To ai ko an ɗauki na saman, kowace giwa tana da filin kilomita 15 ita kaɗai. Wane ne zai nemo mana ita?" Da a Kano ya yi wannan lissafin, da an huta da kuɗin mai.

Ruwa ya ɗan tsagaita da hantsi. Mai rakiya ya faɗa musu gaskiya tun kafin su hau buɗaɗɗiyar motar shiga daji: da damina kowane kwari yana da ruwansa, dabbobi sun watsu, ciyawa ta fi tsayin mutum. Alhaji ya ce tunda an zo, a shiga.

Abin da ya fara tarbarsu tsando ne. Wannan ƙuda yana bin shuɗi da baƙi, shi ya sa ma tarkonsa da waɗannan launuka ake yin sa, ga shi Alhaji ya sha shuɗiyar shadda tun daga wuya har idon sawu. Duk motar shi kaɗai suka sani. Yana marin wuyansa, yana marin cinya, ƙaramar 'yarsa tana taya shi da mafici a gadon baya, da ƙarfin da ya wuce buƙata.

Sun ga zabi. Sun ga ƙahon wani abu yana tafiya a saman ciyawa, mai rakiya ya ce gwambaza ce, aka yarda da shi. Sai a wata kwana ya tsayar da mota, ya nuna karyayyun rassa da wani tulin kashi a tsakiyar hanya.

"Yallaɓai, da safen nan giwaye suka wuce."

Alhaji ya sauka da kansa ya ɗauki hoto ta fuska biyu. A gaba kaɗan tayar baya ta nutse a taɓo, maza suka sauka turi, motar ta fita da gurnani ta yi wa shaddar feshi. Takalminsa na hagu yana can har yau. Batun kogunan Marshall, waɗanda mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, babu wanda ya ƙara tayar da shi.

Ruwan Wikki ne ya wanke musu rai. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yayyafi na sauka a ka, jiki na cikin ɗumi, Alhaji ya lumshe ido ya fara cewa ai dama ya san abin da yake yi.

A daidai lokacin ne ihun Hajiya ya taso daga wajen mota. Ma'aikata sun gargaɗe su a kulle ƙofa saboda gwaggon biri, direba kuma ya rufe amma bai sa makulli ba. Wani ƙato ya ja marfin, ya wuce jakunkuna da wayoyi, ya rungumi kula ya haye rufin ɗaki. A gaban idonsu ya buɗe ta, yana ci ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa ido ƙasa. Ƙullin yajin ya shinshina ya jefo musu. Gadu biyu da ke durƙushe suna kiwo a gefe ko kai ba su ɗaga ba.

A kasuwa, duk wanda ya tambayi Alhaji ko ya ga giwa, sai ya zaro waya ya ce, "Duba nan, sabo fil, ko sanyi bai yi ba." Hajiya kuma ta ce kular daga Makka ta zo da ita, don haka ba a Kano za a biya ta ba.