Alhaji Ya Zauna

Har yanzu akwai jan fenti a ƙarƙashin faratana. Bari in rubuta abin da ya faru da hannuna tun kafin mutanen Ƙofar Marusa su gama zuba wa labarin gishiri.

Tantan ɗin ta surukina Alhaji ce. Massey Ferguson 135, irin wadda aka fara ƙerawa a 1964, mai injin Perkins silinda uku. Ya saye ta hannu na biyu tun Katsina tana cikin jihar Kaduna, kafin 1987, wato ta riga matata zuwa gidan. Injin lafiya lau, kowace damina tana huɗa a gonarsa ta wajen Batagarawa. Jikin ne ya koɗe, jan ya koma kalar busasshen tattasai.

Ba wanda ya aike ni. Ni na ce wa maiɗakina ta gaya wa Baba zan yi wa tantan fenti kafin ruwa ya sauka. Hujjata bidiyo uku da na kalla a YouTube. Na yi hayar bindigar feshi wajen wani mai gyaran jikin mota a Ƙofar Ƙaura, na roƙi mai facin bakin layi ya ara mini iskar injinsa, na sayo jan fentin mai galan biyu. Da na buɗe sai na tarar da shi da kauri kamar kunun da ya kwana. Bindiga ba ta iya tofa wannan, sai an tsinka shi.

Mai shagon ya tambaye ni da me zan tsinka. Na ce tina. Ya ce wace iri? Ban san tina iri-iri ba ce, kuma ba na son ya gane, sai na ce, “Mai ƙarfin.” Ya miƙo mini irin ta masu fesa motoci.

Ƙarfi kam tana da shi. Ranar Talata da hantsi, cikin wannan bazarar tamu da ma'auni ke haura 40, na fesa a murfin injin. Rabin fentin ya bushe a iska tun bai isa ƙarfe ba, ya sauka gari-gari kamar samfefa. Rabin da ya isa kuma ya kutsa cikin tsohon fentin da wani ya taɓa shafawa da buroshi, ya tayar da shi. Ina tsaye ina kallo murfin ya yamutse kamar goshin tsoho mai bin bashi.

Nan Baba mai goro ya shigo labarin. Shekara da shekaru yana zaune gindin bedin ƙofar gidan, da tirensa da jiƙaƙƙen tsumma. Bai taɓa tuƙa ko keke ba a gabana, amma ba abin da ke da taya da bai san cutarsa ba. Tun da safe ya riga ya sanar da ni cewa tantan ɗin Steyr ce ta Bauchi, sunan da ke jikinta kuwa an manna ne kawai.

“Ɗan nan, mi ka zuba ciki?”

“Tina, Baba.”

“Ash! Tina ai wuta ce. Cin wanda ke ƙasa take.”

Gaskiya ya faɗa. Sau ɗaya tak ya faɗi gaskiya a satin nan, kuma da ita ya saye ni.

Na goge, na kankare, na zauna tunani. Wani ɗan acaɓa da ya tsaya shan iska ya ce a sa fetur, haka kowa ke yi. Mai faci ya ce ba kusa da janaretansa ba, shi yana da iyali. Ni ma ban ja ba, don tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 na daina kallon fetur a matsayin abin da ake fesawa a iska. Baba mai goro ya ce kananzir, shi ne mai sanyin hali. Na aiki yaro wajen 'yan bumburutu, ya dawo da rabin kwalba, wai iyakarsa ke nan. Na zuba, bai isa ba.

Baba ya gutsiri goro, ya dubi tantan, ya dube ni.

“Mi take sha?”

“Gas, Baba.”

“Shekara nawa tana sha?”

“Ta fi arba'in.”

“Ya taɓa ɓata mata ciki?”

“A'a.”

“To abin da ciki ya amsa, fata ba ta ƙinsa. Ɗebo daga tankinta.”

Jama'a, kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare. Ni ne mai tsayawa gaban allo ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa kowane ruwa da saurin tashinsa: fetur ya fi kananzir, kananzir ya fi gas, gas kuwa in ya zuba a ƙasa sai ya yi wata yana kallonka. Na san fentin mai hawa biyu yake bushewa. Da farko abin da aka tsinka shi da shi ya bi iska, sannan man da ke ciki ya sha iskar ya ƙame. In na farko bai tafi ba, na biyu ba ya samun hanya. Duk na san wannan. Amma yadda dattijon nan ya jera tambayoyinsa, ko alƙali ne sai ya ba shi gaskiya. Na zura tiyo a tanki na zuƙo.

Abin haushi, feshin ya yi kyau. Fenti ya kwanta luf, yana sheƙi kamar an zuba manja a tangaran. Daɗi ya ɗebe ni na yi shafi uku a jere ba hutu. Na cire tsohon buhun da ke kan kujerar direba, wannan kujerar ƙarfe mai kama da kasko, na cika ta da ja har ya taru a tsakiya. Yara suka yi ta tafi. Baba mai goro ya ce wa duk wanda ya wuce shi ya ba da lissafin.

Laraba na taɓa, ya kama yatsa. Ƙudaje sun sauka ba su tashi ba. Wata kaza ta bi ta kan murfin ta bar sawu har zuwa fitila. Baba mai goro ya ce a lulluɓe ta da bargo ta yi gumi, wai zafin cikin ne bai fita ba. Da na ƙi, ya ce to a barbaɗa mata toka. Alhamis da yamma na sake taɓawa a hankali, yatsa ya fito fes. Saman ya yi fata, irin wadda madara ke yi in ta huce. Na koma gida na ce wa maiɗakina an gama. Ita kuma ta ɗauki waya.

Ranar Juma'a, wajen ƙarfe biyu da rabi, na je ɗauko bindigar in mayar. Na danna babban yatsa a gefen kujerar don in ƙara tabbatarwa, sai ya nutse. Ƙarƙashin fatar nan ɗanye ne shataf. Ina tsaye ina kallon yatsana sai ga motar Alhaji ta tsaya, an sauko daga masallacin Juma'a na Ƙofar Soro, shi da aminansa biyu.

Farar gezna ce a jikinsa. Babbar riga, aikin hannu, ranar aka karɓo ta daga wajen 'yan bugu, tana amsa kuwwa in ya motsa. Na ɓoye yatsa a baya na zube ƙasa.

“Barka da Juma'a, Baba.”

Bai ma ji ba. Idonsa na kan tantan. Ya zagaye ta sau ɗaya, ya ce wa abokansa haka take ranar da ya fara ganinta. Muryarsa har ta ɗan yi rawa. Sai na ga ya tattare hannun riga ya saɓa a kafaɗa, ya ɗora ƙafa a kan matakala.

Daga nan zuwa zamansa bai fi daƙiƙa huɗu ba. Na auna su a kwance ya fi sau ɗari tun daga ranar. A ta farko na ɗago kai. A ta biyu na buɗe baki. A ta uku kalma ta fito, guda ɗaya:

“Baba…”

“Na gani, Malam, na gani. Ba sai ka ce komai ba.”

A ta huɗu ya zauna.

Mai karatu zai ce me ya hana ka yin ihu? In ba Bakatsine ba ne, na yafe masa. Mu da ake yi wa kirari da kunya, a ce ba tsoro ba. Shekara tara ina auren 'yarsa, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, sunansa ma in ya zo a rajistar aji tsallake shi nake so in yi. Da wane bakin zan daka wa wannan mutum tsawa in ce kada ka zauna, a gaban aminansa, a ƙofar gidansa, a kan tantan ɗinsa? Da maciji ne a kujerar, wataƙila da na iya. Maciji ba ni na ajiye shi ba.

Da ya zauna ya tashi nan take, da abin ya zo da sauƙi. Amma Alhaji ya gyara zama. Ya murza hagu, ya murza dama, yana neman gurbin da ya saba shekara arba'in. Ya kama sitiyari. Sannan ya ɗaga hannu ya fara sa mini albarka.

Ya yi mini addu'a, na ce amin. Ya yi wa iyayena, na ce amin. Ya yi wa 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya roƙa mini ƙarin girma a wurin aiki. Ya roƙi damina mai albarka, ya roƙi zaman lafiya ga mutanen Batsari da Jibiya da Safana. Addu'a ce mai kyau, wallahi, irin wadda mutum ke shekara yana nema daga bakin suruki. Ni kuwa ina durƙushe, rana ta gasa ƙarfen nan tun safe, ina jin yadda fatar ke fashewa a ƙarƙashinsa a hankali. Daga inda nake ina hango wani jan abu yana leƙowa ta gefen kujera, yana taruwa, yana shirin ɗiga. Amin goma sha ɗaya na ƙirga. A ta tara ya ɗiga.

Aka shafa. Alhaji ya dafa sitiyari ya yunƙura.

Shi ya tashi. Rigar ba ta tashi ba.

Ya sake yunƙurawa. Sai aka ji wannan ƙarar. Na rasa da me zan kwatanta ta. Ba yagewa ba ce. Ta fi kama da ƙafar saniya in tana fita daga laka a bakin rafi, doguwa, mai jan rai, ta ƙare da ɗan tsotso a ƙarshe. Riga ta saki kujera a hankali, tsakaninsu zare-zare na ja suna miƙewa kamar yauƙin kuɓewa, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya juya zai sauko, duk muka gani. Faifai guda, ja wur, a tsakiyar farar gezna, daidai inda ba a nuna wa suruki da yatsa. In an tsaya kan hasumiyar Gobarau za a hango shi.

Ɗaya daga cikin aminan ya yi salati. Ɗayan ya juya yana nazarin bangon makwabta, kafaɗunsa suna rawa. Mai faci ya kashe janareta, ban san dalili ba, sai wurin ya yi tsit, har ana jin kazar nan tana tono.

Alhaji ya kai hannu baya, ya dawo da shi, ya duba tafin. Ya daɗe yana dubawa.

“Malam, ashe bai bushe ba.”

“Bai bushe ba, Baba.”

“To.”

Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa. Wannan “to” ɗin ita ke tashina ƙarfe uku na dare. Ya nufi zaure a natse, aminansa suka matso suka rufa masa baya kut da kut kamar masu rakiyar hakimi.

Ban tashi daga durƙuson ba sai ga inuwar tire a kaina.

“Ai da ka tambaye ni,” in ji Baba mai goro.

Na ɗago na dube shi.

“Gas ɗin nan ɗan kaɗan aka sawa, kamar kanwa a miya. Kai kuwa ka yi mata wanka. Amma kar ka damu, rigar ba ta ɓaci ba. A kai ta marina a rine ta ja duka. Dogaran Sarki mi suke sawa?”

Na ce Baba, Alhaji ba dogari ba ne.

“To ya dawo ya kwanta bisanta ta ciki, gaba da baya su yi daidai. Sai a ce aikin Makka ne.”

Ya miƙo mini goro ɗaya fari. Na ɗauka kyauta ce ta jaje, na sa a baki. Ya tsaya sai da na biya.

Da daddare maiɗakina ta dawo daga gidan nasu. Ba ta ce komai ba sai da ta ajiye mini tuwo, sannan ta zauna a kan tabarma, ta yi kamar za ta tashi ta kasa, ta yi wannan ƙarar da bakinta. Ashe har cikin gida an ji. Daga baya na sa tabarau na karanta ƙananan rubutun jikin galan, wanda ya kamata in fara da shi tun Talata. Tafentin ya ce a sa, ɗan kaɗan, shafi siriri, a bar kowane ya kwana kafin a ƙara wani. Shagon da na sayi tina yana da shi, a kan kanta ɗaya.

Mai bindiga ya zo jiya ya duba. Ya ce ba gyara, sai an wanke komai har ƙarfe a sake daga farko, kuma da tinar nan tawa mai ƙarfi za a wanke, don aikin da ta iya ke nan. Alhaji ya aiko a ce a yi, amma kada a taɓa kujerar. Na leƙa na ga dalili. Zanen saƙar geznar ya fito a cikin fentin raɗau, fure-fure, har da layin guga.

Yau Lahadi. Na bi ta can da asuba, lokacin da Baba mai goro bai fito ba, na taɓa. Bai bushe ba.