Isnadin Labarin Yaƙi

Da malaman hadisi na dauri, waɗanda ba su karɓar ruwaya sai sun binciki adalar mai ruwaya da ƙarfin haddarsa, za su dawo a shekarar 2003 su saurari labarin yaƙin Iraƙi, lalle da sun naɗe buzayensu sun koma makwancinsu. A Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar 5 ga Fabrairu, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Colin Powell, ya ɗaga 'yar kwalba yana kafa hujja cewa shugaban Iraƙi Saddam ya tara makaman ƙare dangi, manyan jaridun Amurka suka ruwaito ba tuhuma, alhali har yau ba a tono makaman ba. A Bagadaza kuwa ministan watsa labarai, Muhammad Sa'id al-Sahhaf, yana ta musanta shigowar Amurkawa, ga tankokinsu a gaɓar kogin Dijla. Mu nan muka rabu mazhaba biyu, kowa rungume da rediyonsa, yana inganta abin da ya yi masa daɗi, yana raunana saura, kuma wanda bai taɓa wuce Zariya ba shi ne shaihin lungunan Basra. Bagadaza ta faɗi ranar 9 ga Afrilu, amma a majalisarmu har damina ana musu.