Katangar da Ba a Gani

Siminti ne ya ja mini. A farkon 2024, lokacin da buhu ya haura naira 10,000, ginina na wajen Damba a Gusau ya kai rufi da ƙofofi, kuɗin katanga kuma ya ƙare a bulo layi biyu. Haka muka tare, gida tsirara a tsakiyar fili, duk ɗan acaɓar da ya gifta sai ya san miyar da aka yi. Uwargida ta sa aka kafa mata zana a madafi da bayan ɗaki, ni kuma na yanke shawarar ajiye kare, tun da malamai sun yarda da shi don gadi ko farauta ko kiwo.

Na farko na sayo shi hannun wani mafarauci a Tsafe: ja, siriri, dogayen ƙafafu, ido ba kunya. Na biyu surukina na Bungudu ne ya aiko da shi kyauta, kuma tun a makon farko na gane dalilin kyautar, don in ba ci ba barci, in ba barci ba ci. Yara suka raɗa musu Ɗan Tsafe da Ɗan Bungudu.

Ɗan Tsafe bai ɗauki gadi a bakin komai ba. A ganinsa unguwar gaba ɗaya daji ce, abin da ke motsi a cikinta kuma nama ne. Ya kori zabin maƙwabci har suka daina ƙwai, ya wafce tsinke a gaban mai tsire yana tsakiyar barbaɗa yaji. Wanda ya cika mudun shi ne ranar da ya tsoma baki a bokitin ruwan alwala na masallacinmu, ladan ya wanke shi sau bakwai yana ambaton sunana a kowane wanki. Mai unguwa ya aiko a kira ni.

"Malam, wanga kare naka ya ishe mu," in ji shi. "Ko ka tsare shi gida, ko yara su tsare maka shi inda ba ka sake ganinai."

Na kai kukana ga ɗan yayata da ke karatu a Amurka, ina fatan ya gane nufina ya turo kuɗin bulo. Yaron bai gane ba. Ya ce, "Kawu, wa ke katanga don kare yanzu? Karen bana shi ke maganin zomon bana." Da wani abokinsa zai zo hutu sai ga kwali.

A cikin kwalin akwai ɗan akwati da ake maƙalawa a bango a jona da wuta, da naɗin waya siririya, da abin wuya guda biyu, da damin ƙananan tutoci farare. Ana binne wayar a kewaye gida, zurfin da bai kai tafin hannu ba, bakinta biyu su dawo cikin akwatin. Akwatin na tura saƙon rediyo ta cikin wayar. In kare ya matso, abin wuyan ya yi masa ɗit-ɗit na gargaɗi. In ya yi kunnen ƙashi, wasu ƙusoshi biyu marasa tsini da ke taɓa fatar wuyansa su ɗana masa wuta. Wani ɗan talla mai yawo gari-gari a jihar Pennsylvania, Richard Peck, shi ya ƙirƙiro abin a 1973, daga baya aka riƙa sayar da shi da sunan Invisible Fence. A yankin Wales na Birtaniya kuwa tun 2010 aka haramta sa wa kare ko kyanwa irin wannan abin wuya, ana ganin azabtarwa ce. Da na karanta haka sai na dubi Ɗan Tsafe yana tauna takalmina na zuwa Juma'a, na ji Wales ta yi mini nisa.

Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Wannan darasi na same shi ne ta hanci, sa'ad da na jona akwatin ya yi ɗas, ɗakin ya gauraye da ƙaurin roba. Wani mai gyaran rediyo a Tudun Wada ya canza abin da ya ƙone, ya haɗa ni da ƙaramar taransifoma, ya tambaye ni amfanin na'urar. Da na gaya masa ya ajiye abin laƙa dalma ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai rage mini ko sisi ba.

Don gudun rana, bayan sallar Asuba na fara haƙa. Ku dubi abin ta idon mai wucewa. Ga mutum a tsugunne da duku-duku, yana tona ƙasa yana zagaya gidansa, yana binne wani abu, kowane taku uku ya soka farar tuta, hannunsa da ɗan littafi yana dubawa yana motsa baki. Turancin littafin nake haɗawa, amma wa ya sani? Kafin hantsi labari ya kai bakin rijiyar burtsatse cewa ɗan bokon nan ya yi wa gidansa kafi. Kafin Azahar an ƙara da cewa daga Kwatarkwashi aka haɗo mini. Wata tsohuwa da ke ratsawa ta gabanmu kullum da tallar daddawa ta koma zagayawa ta bayan kango tana tofe-tofe.

Liman da kansa ya tako bayan La'asar, don nasiha. Ya same ni a bakin layi, abin wuya ɗaya a hannuna ina saita shi. Da ma tun safe ba wuta. Na ji kunyar ya gan ni da kayan kare, sai na dunƙule shi a hannun hagu na mai da baya, na miƙa dama, na tako har kan wayar na rusuna.

"Allah gafarta Malam, barka da yamma."

"Barka kadai. Na ji ana ta magana ne, na ce bari in ji daga bakinka. Ka san binne-binnen nan..."

"Wallahi, Malam, ba komai a ƙasan nan sai waya. Abu ne na ilimi, ba ya cutar da..."

Can cikin unguwa yara suka kaure da ihun an kawo wuta. Na ji ɗit-ɗit a bayana. Ban gama tuna ma'anarsa ba abin ya sarar mini tafin hannu, na yi tsalle na ƙwalla salati da muryar da ban san ina da ita ba, hulata ta faɗa cikin kwata. Liman ya ja da baya taku biyu, ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa mini, ya ce in same shi bayan Isha'i, irin wannan ba a barinsa ya kwana.

Littafin ya ce a horar da kare kamar mako biyu, ana kai shi gaban tutoci ana janye shi in ya ji ƙara. Tutocin ba su yi kwana biyu ba, yara suka kwashe suna wasan kamfe da su. Ɗan Bungudu sau ɗaya wuta ta taɓa shi. Ya yi kuka ɗaya mai tsawo, ya shige ƙarƙashin gadon yara, tun daga nan ya yi murabus daga aikin da bai taɓa farawa ba. Ko ƙashi aka jefa tsakar gida sai an tura masa da tsintsiya.

Ɗan Tsafe kuwa nazari ya zauna ya yi. Abu na farko da ya gano, katangar tana bin lokacin wuta ne. Da fanka ta tsaya, janaretan mai shagon caji ya tashi, sai ya miƙe ya yi miƙa, ya fita a tsanake yana kaɗa jela. Na ce ba kare zai fi ni dabara ba, na sayo batir da faifan sola ɗaya, kuɗin da da ya yi mini bulo mai dama. Sai ya gano abu na biyu, wanda masu na'urar ma sun sani: zafin na ɗan lokaci ne, in ka taho da gudu ka ƙetare shi ke nan. Bakin wuyarta ya hango zabuwa. Zai ja baya har gindin zana, ya sheƙo, ya yi ƙai! a kan layi, ya wuce.

Dawowar ce matsala. Fita akwai zabuwa a gaba, komawa kuwa ba abin da ke jiransa sai ni. Saboda haka sai ya zo daidai inda ɗit-ɗit ke farawa, ta waje, ya zauna ya ɗaga baki sama yana kuka har Asuba. Na kashe kuɗi na sayi abin da ke hana karena shiga gidana. Ƙarfe biyun dare zan fito da fitila da zanen barci, in kashe akwati, in lallashe shi ya shigo, maƙwabta na leƙe ta taga suna ƙara tabbatar da zancen kafi.

Awaki fa ba ruwansu, tun da ba mai abin wuya a cikinsu. Da can tsoron Ɗan Tsafe ke hana su matsowa. Yanzu da suka ga mai gadi ɗaya na waje ba ya iya shiga, ɗaya na ƙarƙashin gado ba ya iya fita, sai suka mai da gidan kasuwa. Suka cinye zogalen uwargida har ɓawo, suka zubar da geron da ta shanya, wani bunsuru ya hau tabarmata ya yi abin da ya yi.

"Malam," ta ce, tana riƙe da faifai wayam, "ita katangar taka da ba a gani, su ma awakin ba su gan ta ba. Ko za ka fito ka karanta musu littafin?"

Ruwan farko na damina ya wanke ƙasa, wayar ta fito fili a wajen gabas. Jan ƙarfe ne a cikinta, kuma a Gusau ba a barin jan ƙarfe ya yi maraici. Wata safiya akwatin ya kama kuka ba tsayawa, alamar an yanke waya. Na fita na tarar da rami siriri ya zagaye gidan tsaf, an zare ta tun daga bakin ƙofa har bayan ɗaki. Wani yaron jari-bola da ya wuto da kurarsa da rana ya yi mini jaje sosai, sannan ya tambaya ko akwatin na sayarwa ne, tun da yanzu ba shi da amfani.

Ɗan Tsafe na mayar wa mai shi, na haɗa da kuɗin mota. Mafaraucin ya yi fito sau ɗaya, karen da ya gagari fasahar Amurka ya kwanta a gabansa ya ɗora haɓa a ƙasa. Ya karɓi abin wuyan ya jujjuya, ya ce maɗaurin na da ƙwari, zai yi wa jakarsa.

Saura surukina. Ranar wata Asabar ya zo daga Bungudu da zakara a ƙarƙashin hammata, ya ja ni gefe ya rage murya. Labari ya same shi cewa ko liman bai iya ƙetare layin ba. Yana da shanu huɗu, ga halin da ake ciki, yana son a yi wa turkensu irin nawa.

"Baba, wallahi waya ce. Ita ma an sace ta."

Ya daɗe yana kallona.

"To, na jiya. Ɗiyata na ba ka ban ɓoye maka komi ba, amma sunan malami guda ya gagare ka hwaɗi."

Ya ajiye zakaran duk da haka, ya ce in sake tunani kafin kaka. Na roƙe shi ya tafi da karensa, ya ce kyauta ba ta komawa.