Ranar da Bajamushiya ta yi magana

A Kparatao, kusa da Sokode, babu tsohon ƙarfen da ba shi da tarihi. Nan ce fadar Uro Jobo Bukari, sarkin Kotokoli da ya ƙulla yarjejeniya da Jamusawa a 1889, wanda mahayan dawakinsa, semasi, suka taya Turawan yaƙe-yaƙensu a arewacin Togo. Ko tsohuwar likkafa ka tsinta a gona, ba za a rasa dattijon da zai rantse maka ya san dokin ba.

Ni ɗan zangon Sokode ne, jikan fataken goro da suka yada zango a hanyar Gwanja suka manta ba su tashi ba. Atamfa nake sayarwa, kuma bashin atamfa ne ya kai ni Kparatao. Jaka 30 nake bin mutumin. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, ya shiga ɗaki kamar zai ɗauko kuɗi, sai ya fito da wani dogon abu naɗe cikin tsumma.

"Alhaji, kuɗi kam babu, amma ga abin da ya fi kuɗi. Mauser ce, ta kakana. Da ita aka ci ƙasar Kabiye da yaƙi."

Ya kankare tsatsar gefenta da farce, ga tambarin kambin sarauta ya fito, ga lambobi. Ƙirar 1871 ce ta 'yan'uwan nan biyu, Paul da Wilhelm Mauser, mai cin harsashi ɗaya tak: ka ja sakata, ka ɗura, ka rufe, ka harba, ka sake sabon lale. Ya ƙara da cewa 'yan sandan Jamus na Togo irinta suka riƙe, kuma na farkonsu Hausawa ne. Nan ya kama ni. Na ji kamar wata gwaggona ce da ta ɓata aka gano. Muna rabuwa, ni da na je karɓar jaka 30, na cika masa jaka 20.

Uwargida ta dubi bindigar, ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan a miya ake sa ta ko a tuwo?" Na ce tarihi ce. Ta ce to yau tarihi za mu ci.

Na fara da neman takardar izini, don ba na son rigima da hukuma. Jami'in da ya duba ta ya juya ta sama da ƙasa, ya leƙa bakinta, gidan zanzaro ya zubo masa a kan tebur. Ya tambaye ni da gaske ko na tabbata ba gidan kayan tarihi nake nema ba.

Daga nan sai wajen Baba maƙeri. Shi ya koya mini cewa Bajamushe yana buga lamba iri ɗaya a kan kowane ɓangare na bindiga, don kada a haɗa na wannan da na waccan. Muka bi tawa muna karantawa. Lambar bututu daban, ta sakata daban, ƙusoshin kuwa na keke ne. Da muka zo kan gindin, Baba ya shinshina itacen ya ce tek ne, kuma ya san kafintan da ya sassaƙa shi. Na koma Kparatao a fusace. Mutumina ko gezau bai yi ba.

"Alhaji, wa ya kawo itacen tek ƙasar nan? Jamusawa. To ina ƙaryata?"

Babbar matsalar ita ce allurar da ke dukan gindin harsashi ta karye. Aka ce akwai wani tsohon maƙeri a Dapaong da ya gaji akwatin tarkacen bindigogin Turawa. Amma tun 2022 yankin Savanes yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren da ke tsallakowa daga iyakar Burkina Faso, sojoji sun kafa shinge ko'ina, ba mai hankalin da zai shiga mota da bindiga, ko da ta kakan wani ce. Sai Baba ya yi dabara: ya zaro tsinken tsintsiya, ya yanke shi daidai tsawon allurar, ya ce in kai wannan. Na soke shi a naɗin hulata.

Muka ratsa tsagin dutsen Alejo, muka wuce Bafilo da Kara. A Mango aka tsaya cin abinci, na cire hula zan yi alwala, na bar ta a kujera. Ina dawowa na tarar da maƙwabcina a mota, wani bawan Allah da ya gama da tsire, yana sakace da ma'aunina. Ya miƙo mini cikin ladabi, ya ce, "Na gode, Malam, kan ne kawai ya ɗan karye."

Tsohon Dapaong ya zazzage akwatinsa, babu allurar, sai ya ƙera mini sabuwa daidai da tsinken da na miƙa masa. Ya kuma haɗa ni da harsasai cikin gwangwanin madara, ya ce milimita 11 ne, cimar Mauser ke nan. Na dawo gida da ƙafafu a kumbure. Allura ta gaza da ɗan abin da ya maƙale a haƙorin wancan mutum. Harsasan kuwa na Gras ne, bindigar Faransa ta 1874. Su ma 11 ake ce musu, amma kwansonsu ya fi ƙiba, suka tsaya a bakin ƙofa suka ƙi shiga. Baba ya ce kada in ga laifinsu, Faransa da Jamus ba yau suka fara ba.

A ƙarshe Baba ya ƙera wata allurar da kansa, wani tsohon maharbi kuma ya ba ni harsashin Mauser na ainihi guda ɗaya, ya yi kore shar don tsufa. Da ma a cikin layu yake ajiye da shi.

Ranar gwaji muka fita bayan gari, ni da Baba da Kawuna da yaran unguwa da ba wanda ya gayyace su. Na ce zan saɓa ta a kafaɗa. Baba ya ce in ina da wata kafaɗar a gida, bismillah. Aka ɗaure Bajamushiya a jikin mangwaro, aka saita ta ga wata ƙwarya da muka kifa a kan suri, aka ɗaura doguwar igiya a kunamarta. Kowa ya laɓe. Na yi addu'a, na ja.

Ƙyas!

Shi ke nan. Yara suka fashe da dariya. Kawu ya fito daga maɓoyarsa yana kakkaɓe riga, ya tsaya a inuwar mangwaron ta bayan bindigar, ya gyara murya. Baba yana ta ɗaga masa hannu yana cewa tsohon albarushi yakan yi nawa, a dakata, amma Kawu ya riga ya hau huɗuba.

"Ɗan nan, tun kana ƙarami na gaya wa mahaifinka cewa kai da kuɗi..."

Daram!

Farin hayaƙi ya turnuƙe wurin, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Yara suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar ƙanensa. Gindin tek ya tsage biyu, ƙusar keke ta yi nata wuri. Ƙwarya tana nan a kan suri, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Bishiyar ce ta ji jiki, ta saki 'ya'yanta, wani ƙato ɗanye ya sauka a tsakiyar kan Kawu.

Muka zaunar da shi ana yi masa fifita. Uwargida, da ƙarar ta kirawo ta tun daga gida, ta tattara mangwaron a zane, ta ce ko ba komai an fara cin riba. Kawu ya daɗe yana shafa ƙulun da ya fito masa, sannan ya dubi maƙeri.

"Baba, da irin wannan Jamus suka tari Ingila da Faransa a 1914?"

Baba ya ce da irinta. Ya ce a farkon watan Agusta aka fara, ranar 26 ga watan suka miƙa wuya a Kamina.

Kawu ya ƙirga da yatsu, ya jinjina kai.

"Mako uku? Wallahi sun yi ƙoƙari."