Yadda Ake Riƙe Asusun Kulob Ɗin Unguwa Ba Tare da An Je Gaban Mai Unguwa Ba

Kulob ɗin ƙwallon ƙafa na unguwa ya ƙunshi matasa ashirin zuwa arba'in, da fili guda wanda yawanci na makarantar firamare ne, da ƙwallo biyu waɗanda ɗaya ta sha faci, da kuma buri irin na Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014. Ita Pillars gwamnatin jiha ke ɗauke da ita. Shi kuwa kulob ɗin unguwa aljihun 'yan wasansa ke ɗauke da shi, aljihun da sau da yawa hannun mai shi kaɗai ke ciki. Irin wannan kulob yana iya shan ci biyar ba ko ɗaya, washegari da asuba a gan shi a fili yana atisaye. Amma naira dubu ashirin da ba a san inda ta shiga ba tana iya tarwatsa shi cikin mako guda, ta raba abokan da suka yi makarantar allo tare.

Aiki na farko shi ne zaɓen ma'aji, kuma tun daga nan akan fara kuskure. An saba a duba wanda ya fi kowa rashin iya taka leda a miƙa masa jaka don a rarrashe shi, ko a bai wa mai yawan zura ƙwallo don girmamawa. Ma'aji nagari da alamu uku ake gane shi: yana da sana'ar da ke ciyar da shi, yana iya ce wa amininsa "babu" muryarsa ba ta yi rawa ba, kuma ba ya shirin aure cikin wata shida masu zuwa. Sharaɗi na ukun tausayi ne gare shi, domin mai haɗa lefe, ko waliyyi ne, bai kamata kuɗin jama'a su riƙa kwana a ƙarƙashin katifarsa ba. Mai riƙe kuɗi daban, sakataren kuɗi mai rubutawa daban, sannan a samu na uku mai bincike. Kada ukun su zama 'yan ɗaki ɗaya ko 'yan teburin mai shayi ɗaya.

Kayan aikinsu bai wuce littafi mai falle sittin da biro ba. Biro, ba fensir ba. A ja layi huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka mai neman a rubuta bai zo da baƙon abu ba kuma bai zargi kowa ba. Duk jami'in da ya ce lissafin yana kansa, a tuna masa cikin ladabi cewa kan da ke tare ƙwallo sau goma a kowane atisaye ba wurin ajiye lissafi ba ne.

Sai makwancin kuɗin. Asusun ƙasa da gwangwanin madara sun yi zamaninsu, kuma waɗanda suka tara takardun kuɗi a ɗaka sun ga ta kansu bayan Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000 a Oktoban 2022, aka shiga 2023 ana zarya da tsofaffin kuɗi. Asusun ma'aji na kansa ma bai dace ba, ko na banki ne ko na OPay ko Moniepoint, domin kuɗin raga da kuɗin cefane kamanninsu ɗaya, idan suka kwana wuri guda ba mai iya raba su. Abin da ya fi shi ne asusu da sunan kulob, mutum uku masu sa hannu, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa. Bankuna kan nemi takardar rajista daga hukumar CAC, wadda ke yi wa ƙungiyoyi rajista da sunan amintattunsu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Kulob ɗin da bai kai nan ba tukuna ya keɓe asusu guda wanda ba a sayen kati ko tsire da shi, duk alat ɗin da ya shigo ko ya fita a tura hotonsa zauren WhatsApp na kulob a ranar.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka kuɗin wata ne tushe. A yanka shi daidai ƙarfin ɗan wasan da ya fi kowa talauci. Misali, mutum 30 a kan naira 500 sun tara 15,000 a wata, 180,000 a shekara, kuma ɗari biyar da ake biya ta fi dubu biyu da ake bi. Lokacin karɓa shi ne kafin a fitar da ƙwallo daga buhu. Bayan an tashi atisaye kowa kan tuna Magariba ta gabato, a ga gudun da ba a gani ba a cikin wasan. Gwanin kulob ma ya biya. Ranar da aka ɗauke masa don yana cin ƙwallo, mai tsaron gida zai kawo lissafin waɗanda ya kaɗe, 'yan baya su kawo na ƙafafun da suka tare. Wanda ba shi da hali da gaske a yafe masa da sanin shugabanni, a rubuta. Tarar latti da ta zagin alƙalin wasa su ma hanyar shiga ce, kuma a wasu kulob ta biyun kaɗai tana iya sayen raga.

Uban kulob yawanci attajirin unguwa ne, ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa. Ana zuwa masa da takarda ɗaya mai ɗauke da abin da ake so da farashinsa, mutum uku cikin tsabta, ba tawagar mutum ashirin da ƙura a ƙafa ba. A riƙa zuwa gaishe shi ko ba buƙata, a kai masa kofi ya taɓa idan an ci, kada ya zama ganin kyaftin a ƙofar gida ya sa ya ce a ce ba ya nan. Ɗan siyasa kuma damina ce mai zuwa shekara huɗu-huɗu, yakan zo da jesi ɗauke da fuskarsa a ƙirji. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, alhali a cikin 'yan wasa goma sha ɗaya akwai jam'iyya uku. Idan ya sauya sheƙa ko ya faɗi zaɓe, sai a koma buga wasa da riga a juye. Mafita ita ce a roƙe shi ƙwallaye da raga da gyaran fili, tunda ƙwallo ba ta da katin jam'iyya.

Babbar hanyar tara kuɗi, kuma mafi hatsari, ita ce ƙaddamar da asusun neman taimako, wato lancin. Hatsarin yana cikin hidimar: rumfa, kujeru, lasifika, janareta, katin gayyata, lemo, sanƙira, kowanne da kuɗinsa, kuma duk kafin taro ake biya. Ba abin mamaki ba ne a kashe dubu ɗari a tara dubu tamanin, a wayi gari ana buƙatar wani lancin don biyan bashin na farko. Ƙa'ida ita ce kada a buga kati sai an sami wanda ya ɗauki nauyin rumfa da kujeru, wani kuma lemo. Babban mai ƙaddamarwa a je a same shi ido da ido a ji ta bakinsa, domin wanda aka aika wa kati kawai wakili yakan turo, wakili kuwa gaisuwa yake kawowa mai tsawo da alƙawarin zai isar da saƙo.

Gudunmawar ranar iri uku ce. Akwai ta hannu, akwai ta alat, akwai ta lasifika. Ta lasifikar ta fi girma, ta fi samun tafi da kirari, kuma ita ce ba a sayen ko igiyar takalmi da ita. Ba a rubuta ta a layin kuɗin shiga sai ta iso. Dabarar kama ta ita ce sakataren kuɗi ya tsaya kusa da mai magana da takarda, kafin tafi ya lafa ya karɓi lambar waya da sa hannu, lambar asusu kuma tana manne a kan tebur kusa da na'urar POS. A bi sawu cikin mako guda, tun mai alƙawarin yana jin daɗin kirarin. Wanda ya ce zai ga shugaba a keɓe, a raka shugaban da shaidu biyu. A ƙirga abin da aka samu a daren, gaban jama'a, a sanar. Shi kuma ma'aji, ko da guminsa ya tara kuɗin sabuwar waya ko babur, ya saya tun kafin lancin ya zagaya da shi kowa ya gani, ko ya haƙura sai bayan an karanta lissafi. Mutanen unguwa ba sa mantawa da kwanan watan sabon babur.

Kuɗin fita sanannu ne: ƙwallo, raga, rajistar gasa, sallamar alƙalin wasa, fiyawata, da kuɗin mota zuwa wasan waje, wanda ya yi tsalle tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Masu hangen nesa kan ƙara layi biyu, ɗaya na gilashin tagar maƙwabta, ɗaya na ƙwallon da ta faɗa gidan dattijon da ke dawo da ita a yanke. Jesi dukiyar kulob ce, a karɓe bayan wasa, a ƙirga, a wanke, in ba haka ba za a ga lamba 10 a kasuwa jikin ƙanen wani yana tallan rake. Duk abin da aka saya a karɓo rasit, inda babu rasit mai sayen ya rubuta ya sa hannu.

Akwai wani layi da akan kira kuɗin taimako, wanda ake kai wa wani da dare ana gobe wasan ƙarshe. Ba shi da rasit, ba shi da shaida, kuma abokan karawa ma sun kai nasu. Gara a juya shi zuwa asusun jinya. Kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ya shigo a ware shi don ranar da ƙafa ta karye, domin zuwa wurin maɗori ko Asibitin Ƙashi na Dala ba ya jiran karo-karo, kuma yaron da ya karye a rigar kulob haƙƙinsa yana wuyan kulob. Ba a ba da rance daga asusu, ko ga shugaba. Masu son juya kuɗi su kafa adashinsu daban.

Rubutu yana da wata riba da ba kowa ya sani ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga kulob na wata ƙasa zuwa na wata, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars, ya koma Leicester daga CSKA Moscow a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16, kuma kashi 5 na wannan ya kai fam 800,000. Rabon yana bin rajista ne. Kulob ɗin da ba ya cikin littafin hukumar ƙwallon jiharsa, bai kuma yi wa yaransa rajista ba, hujjarsa ba ta wuce "ai a gabanmu ya koyi bugun fenariti" ba, wadda FIFA ba ta karɓa.

Duk wata uku a yi zaman lissafi a bakin fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: sakataren kuɗi ya karanta layi-layi da ƙarfi, mai bincike ya gwada da rasitai da alat, kowane mamba yana da ikon tambaya ko da ɗan benci ne. Idan an sami giɓi, a fara neman kuskuren lissafi kafin a nemi mai laifi, domin shafa wa mutum kashin kaji a unguwarsu ba ya wankuwa da wuri. Idan wa'adin shugabanni ya cika, ma'aji mai barin gado ya miƙa littafi, da rasitai, da takardun banki, da buhun jesi a ƙirge, a gaban mutane, tsoho da sabo su sa hannu kafin a kira Magariba.